Gyaran Akurki Kafin Hadari: Lacca a Kan Tsare Kajin Gida Daga Guguwa da Ambaliya



Shugaban wannan taro, iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni, malaman gona da likitocin dabbobi, iyayena mata da ƙannena masu kiwo. An nemi in yi magana a kan yadda mai kiwon kaji a cikin gida zai shirya wa guguwa da ruwa mai ƙarfi. Ga shi kuwa muna tsakiyar bazara, zafi ya kai inda ya kai, kowa idonsa na gabas. Maganar ta zo a kan gaɓa, domin kusan duk aikin da zan ambata na yanzu ne. Wanda ya bari sai gari ya yi duhu, ya makara.

Na san ba za a rasa mai cewa a ransa ba, ana ta gidaje da gonaki da rayukan mutane, wa yake ta kaza? Ina roƙonsa ya ɗan ba ni kunne. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta kajin Nijeriya a kan miliyan 180. Wajen miliyan 80 daga ciki sake ake yi musu, suna kiwo tsakar gida da bayan gari, wasu miliyan 60 kuma na masu ƙaramin kiwo ne, rabi tsare rabi sake. Ke nan mafi yawan kajin ƙasar nan suna hannun mata da yara ne, a bayan ɗaki da gindin rumbu. Da kazar nan ake sayen maganin zazzaɓin yaro cikin dare. Da ita ake sayen littafin makaranta, a fita kunyar baƙo, a yi zubin adashi. Matar da ta wayi gari ta tarar da kajinta goma sha biyar sun mutu, jarinta ne ya tafi, kuma ba wanda zai zo yi mata jaje sai maƙwabciyarta.

Abin da na zo in faɗa guda ɗaya ne. Yawancin kajin da muke cewa hadari ya kashe, da an yi musu aikin yini biyu a bazara da suna nan. Ƙaddara gaskiya ce, ba mai musun wannan. Amma addininmu bai taɓa raba tawakkali da riƙo da sababi ba, kuma sababin a nan ba shi da tsada.

Mu fara da sanin halin abin da muke shirya wa. Mafi yawan ruwan da ake samu daga Borno zuwa Sakkwato, daga Damagaram zuwa Dosso, hadari ne mai haɗuwa ya yi sahu ke kawo shi, ya taso daga gabas ya nufi yamma, da gudun da kan kai kilomita 50 a sa'a. Kafin ɗigon farko ya sauka, iska mai sanyi takan zubo daga cikin gajimare, ta bugi ƙasa, ta bazu gaba. Ita ce ke tayar da jar ƙurar nan da ke rufe gari, ita ce ke yaye kwano, ta karya reshe. A cikin 'yan mintoci zafin gari na iya faɗuwa da digiri 10 ko kusa da haka. Mu da muka sha zafi sai mu ce Alhamdu lillahi, an sami sauƙi. Ɗan tsakon da ke waje a wannan lokaci kuwa, ya shiga uku. Irin wannan iska ta fi tsanani a farkon damina da ƙarshenta, ruwa mai yawa kuma a watan Agusta, lokacin marka. Saboda haka haɗarin iri biyu ne: na iska tun a ruwan farko, na ambaliya da rushewar gini daga baya.

Dattawan da ke cewa hadarin yanzu ya fi na da fushi ba su yi ƙarya ba. A shekarar 2017 mujallar kimiyya ta Nature ta buga binciken wasu masana ƙarƙashin Christopher Taylor na Birtaniya, waɗanda suka bi hotunan tauraron ɗan'adam tun daga 1982. Sun gano cewa yawan aukuwar hadari mafi tsanani a yankin Sahel ya ninka sau uku. Dalilin da suka bayar shi ne Sahara na ƙara zafi fiye da ƙasashen da ke kudu da ita, wannan bambanci kuwa yana ƙara wa hadari ƙarfi. Mun kuma gani da idonmu. Ambaliyar 2022 ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya, Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. A Satumbar 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri, shekara 30 bayan irin wannan ta faru a 1994. A wannan wata na Satumba dai tsohon masallacin Damagaram, ginin ƙasa da ya haura shekara ɗari yana tsaye, ya rushe saboda yawan ruwa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Akurkin da ya ishi kakarki a zamaninta, ba lalle ne ya ishe ki ba.

To mu je wurin akurkin. Abu na farko da za a duba shi ne inda yake zaune. A gidaje da yawa, kusurwar da ba ta da amfani ake ba kaji, ita ce kuwa sau da yawa mafi kwari a gidan, can inda ruwan tsakar gida ke taruwa kafin ya fita ta rariya. Ki je ki dubi jikin katanga. Ruwan bara ya bar alama, layin nan na danshi da ƙasa ta zaizaye. Daɓen akurkinki ya ɗara wannan alama da kamu ɗaya. Iyayenmu sun riga sun nuna mana hanyar: ba wanda ke kafa rumbu a kan tsurar ƙasa, sai an jera duwatsu an ɗaga shi, iska na bi ta ƙarƙashi, ruwa ya wuce bai taɓa hatsi ba. A yi wa akurki yadda ake yi wa rumbu. Wanda nasa na ƙasa ne ba ya ɗaguwa, sai ya yi ciko a ciki da tsakuwa da yashi, ya daɓe, ya haƙa 'yar hanyar ruwa ta kewaye shi. A kuma yashe rariya da kwata tun yanzu, domin ledar da ta toshe su da rani ita ce ke mayar da tsakar gida kududdufi.

Sai katanga. Akurkin da aka jingina da tsohuwar katangar ƙasa yana cikin haɗari tun daga ranar da aka kafa shi. Katanga ba ta cika faɗuwa a ruwan farko ba. Tana shan ruwa ne ta gindi da ta kai, kwana da kwanaki, sai wani dare cikin marka ta kwanta gaba ɗaya. In za a iya matsar da akurkin, a matsar. In ba hali, a yi wa katangar yaɓe, a cike tsagar da ta yi, a kuma tabbata indararo ba a kan rufin kaji yake zuba ba. Darbejiyar da ta yi wa akurki rumfa tana da amfani ƙwarai a wannan zafi, kada a sare ta, amma a rage busassun rassa da waɗanda suka yi nauyi a kan rufi.

Ƙofa kada ta kalli gabas. Wannan magina na gargajiya sun san shi, shi ya sa bangon gabas ya fi shan yaɓe. Malaman kiwo kan ce a shimfiɗa tsawon ɗakin kaji daga gabas zuwa yamma domin kada rana ta riƙa shiga ta gefe. A ƙasarmu wannan shawara tana da riba biyu, domin ɗan siririn bangon ne zai fuskanci hadari. A toshe wannan gefe sosai, a bar tagogin raga a kudu da arewa, a rataya musu labulen buhu ko zana da za a iya saukewa in iska ta taso, a naɗe in ta wuce.

A nan ina so in ja kunne. Tsoron ruwa kan sa wasu su naɗe akurki da leda ruf, ba inda iska za ta shiga. Kaza ba ta gumi, da haki take rage zafin jikinta, jikin nata kuwa zafinsa ya kai digiri 41. In aka rufe ta cikin leda a daren bazara, zafi da warin kashinta za su yi mata abin da hadarin bai yi ba. Labule na lokacin iska ne kawai. Ko a lokacin ma, a bar 'yar kafa daga sama ta gefen yamma.

Rufi shi ne inda aka fi yin asara, kuma ya kamata a fahimci dalili. Iska ba ture kwano kawai take yi ba. In ta bi ta samansa da gudu tana tsotsarsa sama, in kuma ta sami ƙofa ta shiga ciki tana tura shi daga ƙasa, sai ƙarfin biyu su haɗu su ɗaga shi. Idan gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da take bugu da shi ninkawa huɗu yake yi. Shi ya sa rufin da ya yi shekaru lafiya yake tashi a dare ɗaya. Dutse da tsohuwar taya da muke ɗorawa suna riƙewa a ƙaramar iska. A babba, dutsen kan gangaro, kwanon kuma ya tashi da kaifinsa, ya faɗa gidan maƙwabci inda yara suke. Abin da ke riƙe rufi shi ne ɗauri daga sama har ƙasa: kwano a jikin katako da ƙusa mai hula, a ƙara yawan ƙusar a baki-baki da kusurwa domin nan iska ke fara kamawa, katako kuma a ɗaure shi da waya mai kauri a jikin dirka ko ƙarfen da aka binne cikin gini, dirkar ta shiga ƙasa sosai. A sa wuƙa a tsokani gindin kowace dirka, domin gara kan cinye cikinta ta bar ɓawo. Mai jinka ya sake baibaya, ya sabunta igiya. Mai kejin katako ko na waya mara nauyi ya kafa turaku ya ɗaure shi, ko ya tanadi wurin da zai shigar da shi.

Yanzu na zo kan 'yan tsaki, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin su ne asarar damina ta gaskiya. Babbar kaza in ruwa ya doke ta, za ta takure, ta yi kwana biyu ba ta ƙwai, ta warware. Ɗan tsako ba shi da gashin da ke tare ruwa, ɗan laushin da ke jikinsa jiƙewa yake yi sharkaf, kuma jikinsa bai iya riƙe ɗumi da kansa ba tukuna. A makonsa na farko yana bukatar ɗumin da ya kai digiri 32 zuwa 35, a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan kowane mako, har sai gashi ya rufe shi wajen mako biyar zuwa shida. Ku haɗa wannan da abin da na faɗa ɗazu, na iska mai sanyi da faɗuwar zafin gari cikin mintoci. Jiƙa da iska in suka haɗu a kan ɗan tsako, ba ya ɗaukar lokaci. Uwar tana iya ƙoƙarinta, ta buɗe fiffike ta rufe su, amma in ƙasan da ta kwanta ruwa na gudu a kai, ba abin da za ta iya.

'Ya'yan zabi sun fi ma rauni. Ga shi kuwa da damina zabuwa ke yin ƙwai, da damina ake sa wa kaza ƙwan ta kwanta a kai, kwana 26 zuwa 28 su fito a tsakiyar ruwa. Raɓar safiya kaɗai, in suka bi uwa cikin ciyawa, tana iya kashe su. Shawarata ga mai 'yan tsaki ko 'ya'yan zabi a wannan lokaci ita ce ta tsare su tare da uwar har mako huɗu zuwa shida, a wuri busasshe mai rufi, ta riƙa ba su tsaki da dusa da ɗan abin gina jiki, irin su gara da garin ƙananan kifi. In za a sake su, sai rana ta ɗaga, raɓa ta bushe, kuma a kusa. Na san tsarewa tana cin abinci. Amma a lissafa: kaza ta ƙyanƙyashe goma, ta tashi da biyu, ko a kashe mudun dusa kaɗan ta tashi da bakwai ko takwas? Tsarewar nan kuma ita ce maganin shirwa.

Kazar da ke kwanci ma a tuna da ita. Takan zaɓi lungu a ƙasa, bayan tukwane ko ƙarƙashin rumbu, ta yi kwana 21 ba ta son tashi. A sa mata kasko ko kwando da ƙaiƙayi a kan wani abu mai tudu tun kafin ta fara. In ya zama dole a matsar da ita bayan ta fara, da dare ake yi, a hankali, in ba haka ba ta ƙi ƙwan.

Idan kuma an tsinci ɗan tsako ya jiƙe ya sandare, kada a yi saurin jefar da shi. Da yawa suna farfaɗowa. A goge shi da busasshen tsumma, a sa shi a jiki cikin zane, ko kusa da kwalbar ruwan ɗumi da aka naɗe da ƙyalle. Kada a kanga shi a wuta, kada kuma a ɗura masa ruwa yana wannan hali, zai shaƙe. Sai ya ɗaga kai da kansa, a ba shi ruwa mai ɗan ɗumi da sukari kaɗan. Masu ɗumama 'yan tsaki da gawayi su yi hattara: garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar guba wadda ba ta da wari, tana kashe kaza, tana kashe mutum. A sa garwashin cikin tukunyar ƙasa, a girke ta a kan yashi yadda ba za ta kife ba, a bar mashigar iska. Fitilar kananzir kuwa, iska na kifar da ita a kan ɓuntu sai gobara. Mai amfani da ƙwan lantarki ya duba wayarsa, kada ruwa ya same ta a kware. Wani abu kuma: tsawa da sanyi kan sa 'yan tsaki su dunƙule a kusurwa ɗaya, na sama su danne na ƙasa har su mutu. Masu kiwon kajin gidan gona sun san wannan. A kewaye su da kwali ko zana ta yadda ba kusurwa, a bar musu ɗan haske, a kuma leƙa su da zarar iska ta lafa.

Duk wannan gyara ba shi da amfani in kajin ba sa ciki lokacin da hadari ya iso. Kaza dabba ce mai sabo. Wadda ta saba kwana a kan katanga ko a reshen bishiya ba za ta shiga akurki ba don yau kin ga dama. Daga yau, kowace la'asar, a watsa musu ɗan tsaki a cikin akurkin, da kira iri ɗaya, a rufe su su kwana. Cikin mako ɗaya ko biyu za su riƙe. Ran da hadari ya haɗo, kira ɗaya ya isa. Zabi sun fi taurin kai, sai an fara da su tun suna ƙanana. Ina kuma roƙon iyaye mata da babbar murya: in iska ta riga ta iso ana walƙiya, kada a tura yaro korar kaza, balle ƙarƙashin bishiya. Kwano na yawo a iska a wannan lokaci, aradu kuma dogon abu take nema.

Sanin zuwan hadari ya fi sauƙi yanzu. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, tana kuma ba da na kullum. Hukumar NIHSA tana bayyana ƙananan hukumomin da ake jin tsoron ambaliya a cikinsu. 'Yan'uwanmu na Nijar suna da cibiyar AGRHYMET a Yamai mai irin wannan aiki. A saurari rediyo. Ga kuma wata dabara da ba ta bukatar kowace hukuma: tunda daga gabas yake tasowa, 'yar'uwarki da ke aure a garin da ke gabas da ku ta riga ki ganinsa. Kira ɗaya a waya zai ba ki lokacin tattara kaji, da kwashe shanya, da sauke labule. Ƙungiyoyin mata za su iya tsara wannan a tsakaninsu.

Ga waɗanda ke zaune a fadama da bakin kogi, irin mutanen kwarin Haɗeja da na gaɓar Rima, maganar ta wuce gyaran akurki. Ku kuna bukatar shirin tashi. Kafin Agusta, a rage garke: a sayar da zakarun da suka isa da tsofaffin kajin da suka daina ƙwai, tun suna da daraja, a riƙe kuɗin. Iyayen garken, waɗanda ake sa ran su, a yi magana da dangi na kan tudu tun yanzu ko za su karɓi ajiya. A tanadi kwando ko keji a rataye inda hannu zai kai cikin duhu. Ambaliyar da ta auku a Mokwa a ƙarshen watan Mayun 2025 ta nuna cewa ruwa na iya zuwa da asuba, tun damina ba ta yi nisa ba. In ruwa ya zo ba shiri, rai ne gaba da komai. A ɗauki yara da tsofaffi a fita. Abu ɗaya za a yi wa kaji in akwai sarari: a buɗe musu ƙofa, a kwance wadda aka ɗaure wa ƙafa, domin kazar da ke sake tana iya hawa rufi ko bishiya. Kada kowa ya koma cikin ruwa saboda su. Ruwa mai gudu, ko bai kai gwiwa ba, yana kayar da babban mutum.

Bayan hadari ya wuce, mutane kan ɗauka an tsira. A gaskiya kwanakin da ke biyo baya suna cin kaji da yawa, sai dai a hankali suke mutuwa, ɗaya yau biyu gobe, ba a danganta abin da ruwan. Jiƙaƙƙiyar shimfiɗa, ko ta ɓuntun shinkafa ce ko ta garin katako, ita ce matattarar ƙwayar cutar da ke sa kashin jini, domin ɗumi da danshi take bukata, cikin kwana ɗaya ko biyu ta zama mai kamawa. A kwashe duk inda ya jiƙe a kai gona, a bar daɓen ya sha iska, a zuba busasshiya. Wannan na nufin tun yanzu a ajiye buhu ɗaya ko biyu na ɓuntu a inda ruwa ba ya kaiwa. Ruwan sha kuma a kula da shi. Ambaliya kan haɗa masai da rijiya da kwata, kazar da ke shan kududdufi tana kwasar duk abin da ke ciki. Ruwan da kika yarda ɗanki ya sha, shi za ki ba ta, a kasko wankakke.

Sai abinci, kuma a nan akwai jarrabawa. Hatsi ya jiƙe a rumbu, ya yi fumfuna, mutum ba zai ci ba, sai a ce a ba kaji kada a yi asara. Wannan fumfuna tana fitar da guba mai lalata hanta, wadda shanya ba ta kashe ta, dafuwa ma ba ta kashe ta. A Ingila aka fara gano ta, a 1960, lokacin da talo-talo kimanin 100,000 suka mutu, aka bi sawu aka tarar daga garin gyaɗar da aka shigo da shi daga Barazil ne. Gyaɗa da masara su ne ta fi kamawa, su ne kuwa abincin kajinmu. Ko ba ta kashe kaza nan take ba, tana hana ta girma, ta rage ƙwai, ta raunana ta har allurar rigakafi ta kasa yi mata aiki yadda ya kamata. Abincin da ya dunƙule ko ya canza wari, a binne shi. Buhun dusa a ɗora shi a kan katako, nesa da bango, ko a juye a ganga mai murfi. Da damina kada a tara na wata da watanni, amma a riƙe na 'yan kwanaki a gefe, domin hanya kan yanke.

Kazar da ta mutu a ruwa mushe ce, ba ci ba sayarwa. A haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya a binne ta, kada a wurga ta a bola ko a kwata, domin sauran kaji in suka ci tsutsar da ke jikin gawa sukan kamu da wata guba mai shanye musu wuya da ƙafa. Ƙwan da ruwan ambaliya ya rufe shi ma a zubar, ɓawon ƙwai yana da ƙananan ƙofofi da ƙazanta ke ratsawa. A kuma toshe duk ramin da ya buɗe a jikin akurki, domin ruwa kan koro maciji da gafiya da kwarkwasa daga gidajensu, su ma busasshen wuri suke nema.

Kazar da ta sha wuya ba ta da ƙarfin ture cuta, saboda haka rigakafi kafin damina ake yi. Babbar annobar kajin gida ita ce cutar Niyukasul, mai sa koren zawo da murɗewar wuya, wadda kan share gari guda. An fi ganinta da hunturu, amma ba ta da ranar hutu. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana yin maganin rigakafinta, har da irin da ake kira I-2, wanda ya fi sauran jure zafi. Ɗigo ɗaya ake sawa a ido, a maimaita bayan wata uku zuwa huɗu. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, don haka a haɗu unguwa guda a yi rana ɗaya. Lafiyayyar kaza ake yi wa, ba wadda ta riga ta kwanta ba. In kuwa aka ga kaji na zubewa da yawa a lokaci ɗaya, a sanar da likitan dabbobi maimakon a ruga da sauran kasuwa. Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a jihar Kaduna a Fabrairun 2006, wannan ya zama wajibi a kan kowane mai kiwo. Kuma ina roƙo a daina buɗe kafso na mutane ana zuba wa kaji a ruwa ba tare da shawarar masani ba.

Ina da magana da maza. A gidajenmu kaza ta mace ce, amma guduma da tsani da waya suna hannun maigida. Sau da yawa uwargida ta ga rufin akurki na rawa, ta faɗa, aka ce mata sai an dawo daga gona, har ruwa ya sauka. Malam, ran da baƙonka ya zo, daga akurkin nan ake fitar da kai kunya. Ka ba shi yini ɗaya a wannan mako, kai da samarin gidan, kafin shuka ta ɗauke hankalin kowa.

Ga iyayenmu masu unguwanni da ma'aikatan da ke zagayawa ƙididdigar ɓarna bayan ambaliya, ina da roƙo biyu. Na farko, a riƙa tambayar mata abin da suka rasa, a rubuta kaji da zabi da agwagi a cikin lissafi kamar yadda ake rubuta shanu da buhunan hatsi, domin abin da bai shiga takarda ba, ba ya shiga rabon tallafi. Na biyu, in za a taimaka wa wadda ta rasa garkenta, a ba ta 'yan kajin gida matasa da aka riga aka yi wa rigakafi, huɗu ko biyar da zakara, bayan ƙasa ta bushe kuma akurki ya tashi. Kada a miƙa mata 'yan tsakin kwana ɗaya alhali ita kanta ba ta da busasshen wurin kwana. Malaman gona kuma, ku da za ku koma ƙauyuka gobe, ku zaɓi gida ɗaya a kowace unguwa a gyara akurkinsa a gaban jama'a, a ɗaga daɓe, a juya ƙofa, a ɗaure rufi, kowa ya gani da idonsa nawa aka kashe.

 Akwai sauran lokaci, kuma na fi son in ji daga bakin iyayena mata yadda abin yake a garuruwansu. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu da dukiyoyinmu.